ABDELATIF BENAZZI: ƊAN MAROKO DA YA JA RAGAMAR ƳAN WASAN FARANSA

A watan Nuwamba na shekara ta 1996, hukumar wasan rugbi ta Faransa ta danƙa ragamar ƙungiyar ƙasa a hannun wani mutum wanda ba a Faransa aka yanke cibiyarsa ba. Sunansa Abdelatif Benazzi, Musulmi, haifaffen birnin Ujda na ƙasar Maroko, wanda bai zo zaman Faransa ba sai da ya kai shekara 20 da haihuwa. Shi ne mutumin Magrib na farko da ya riƙe wannan muƙami na kapitan, wato madugun ƴan wasa.

Domin mai karatu ya gane nauyin al'amarin, sai ya tuna irin iskar da ke kaɗawa a Faransa a wannan shekara. A watan Yuni, shugaban jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, Jean-Marie Le Pen, ya fito fili ya soki ƙungiyar tamola ta ƙasar, yana cewa an cika ta da ƴan wasan da aka kwaso daga waje. Ran 23 ga watan Agusta kuma, jami'an tsaro suka fasa ƙofar majami'ar Saint-Bernard a Paris da gatari, suka fitar da baƙin Afirka marasa takardu da suka fake a ciki, akasarinsu mutanen Mali da Senegal. Wata uku bayan haka aka ce wa manyan ƙartin kudu maso yammacin Faransa, ƴaƴan manoma da masu gonakin inabi, ga ɗan Ujda nan, shi za ku bi cikin fili.

Wane irin wasa ne rugbi?

Da yake wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, ya kamata a ɗan yi bayaninsa. Wasu na kiran sa zari-ruga, sunan kuwa ya dace. Ƙwallonsa ba kewayayya ba ce, siffar ƙwai gare ta, kuma da hannu aka fi ɗaukar ta. Kowane ɓangare mutum 15 ne: 8 na gaba, ƙarfafa masu turereniya da ƙwatar ƙwallo, da 7 na baya, masu gudu. Ana yin minti 80. Babbar dokarsa ita ce ba a miƙa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. Saboda haka duk taƙin da aka samu, ko dai da ƙirji aka ƙwace shi, ko da bugun ƙafa. Wanda ya kai ƙwallo kan layin ƙarshe na abokan gaba ya dire ta ƙasa, ya ci maki 5 (kafin 1992 maki 4 ne), sa'an nan a ba ɓangarensa bugu tsakanin sanduna mai maki 2. Bugun laifi maki 3 ne. Wanda ya saba kallon kokowa zai gane rabin wasan tun ranar farko, domin kamu da kayarwa halal ne ga duk wanda ke riƙe da ƙwallo.

A Faransa, rugbi wasan kudu ne. Garuruwa ƙanana, waɗansu ba su kai girman Tasawa ba, suna da ƙungiyoyin da suka yi shekara ɗari, kuma ɗa yana gadon rigar ubansa. Baƙo ba ya kutsawa cikin irin wannan gida da sauƙi.

Daga Ujda zuwa Agen

An haifi Benazzi ran 20 ga watan Agusta na 1968. Ujda tana arewa maso gabashin Maroko, kilometir kamar 15 daga iyakar Aljeriya. Rugbi ya shiga ƙasar ne a zamanin mulkin Faransa, ya kuma saura a wasu birane bayan samun ƴancin kai a 1956. Tun yana yaro jikinsa ya fi na tsararsa, sai aka riƙa tsayar da shi gola a wasan tamola, daga baya ya koma jifar dalma da faifai. Wani Bajamushe mai horar da yara a garin shi ne ya ga cewa wannan jiki da ake yi wa dariya a lakwal yana da wasan da aka yi dominsa. Cikin ƴan shekaru yaron ya shiga ƙungiyar matasan Maroko, har ya kai ga sa rigar manya.

A 1988 ƙungiyar garin Cahors, wadda ke rukuni na biyu, ta ɗauko shi. Shekara ɗaya ya yi a can. Tsawonsa ya kusa metir 2, nauyinsa ya haura kilo 100, amma yana gudu da ƙwallo kamar ɗan baya, abin da ba a cika gani ba ga ƴan gaba na wancan zamani. A 1989 sai ya koma Agen.

Agen ba ƙaramin gida ba ne. Sau 8 ta ci kambin Faransa, na ƙarshe a 1988, kuma Albert Ferrasse, wanda ya shugabanci hukumar rugbi ta ƙasa daga 1968 zuwa 1991, mutumin garin ne. Ƙungiyar na cike da ƴan wasan ƙasa irin su Daniel Dubroca, da Pierre Berbizier, da Philippe Sella. Larabawan da mutanen yankin suka saba gani kuwa leburorin gona ne masu tsinkar ƴaƴan itace, ba wanda zai zo ya nemi gurbin ɗan gari a fili ba. Benazzi da kansa ya sha faɗa cewa tarbar farko ba ta yi daɗi ba, ya ji maganganu masu ciwo game da asalinsa, kuma Sella na cikin waɗanda suka riƙe hannunsa. Akwai kuma wata al'ada da ake kira rabi na uku: bayan an tashi wasa, ƴan ɓangarorin biyu su zauna tebur ɗaya, ga giya ga naman alade, a yi ta waƙe-waƙe har tsakar dare. A nan ake ƙulla zumunci, a nan ake sanin wane ne na gida. Ga saurayi Musulmi wanda ya baro gidan iyayensa jiya-jiya, wannan zama ya fi turereniyar cikin fili wuya. Bai gudu ba. Shekara 12 ya yi a Agen, ya zama madugunta, mutanen garin suka koma kiran sa Abdel kamar ɗan unguwa.

Minti 13

Mai horar da ƙungiyar Faransa, Jacques Fouroux, mutum ne mai son ƴan gaba masu nauyi, bai kuwa yi jinkiri ba. Ya sa Benazzi cikin tafiyar Ostiraliya ta 1990, shekara 2 kacal da zuwansa Faransa. Ran 9 ga watan Yuni, a Sidni, ya sa shuɗiyar riga mai hoton zakara karo na farko. Minti 13 da farawa alƙalin wasa ya kore shi daga fili bisa laifin taka abokin gaba. Faransa ta ƙarasa da mutum 14, aka cinye ta 21 da 9. Da wani ne, da an ce tsautsayi. Amma baƙo idan ya yi kuskure, ba shi kaɗai ake gani ba, har da garin da ya fito. Duk da haka ba a yar da shi ba, kuma daga wannan mummunan farko ya buga wa Faransa wasa 78 cikin shekara 11.

Mai karatu zai tambaya, ta yaya wanda ya taɓa sa rigar Maroko ya koma sa ta Faransa? A rugbi ba fasfo ake dubawa ba. Ana duba inda aka haifi mutum, ko iyayensa, ko kakanninsa, ko kuma tsawon zamansa a ƙasa. A wancan lokaci ƙofar a buɗe take, mutum na iya buga wa ƙasa biyu ɗaya bayan ɗaya. Sai a shekara ta 2000 hukumar duniya ta ce wanda ya sa rigar wata ƙasa ya ɗaure da ita har abada. Daga 2022 aka sake sassautawa: ɗan wasa na iya sauya ƙasa sau ɗaya, in ya yi shekara 3 bai buga wa ta farko ba, kuma in shi ko mahaifinsa ko kakansa haifaffen ta biyun ne. Ke nan da dokar yau ce, da Faransa ba ta same shi ta wannan hanya ba.

Abin da Maroko ta rasa ya fito fili a 1994. A watan Yuni na shekarar aka yi gasar neman gurbin Afirka na cin kofin duniya a Kazablanka, tsakanin Maroko, da Kodebuwa, da Namibiya, da Zimbabuwe. Gurbi ɗaya ne tak, Kodebuwa ta ɗauke shi a gaban ƴan gida. A daidai wannan lokaci ɗan wasan da Maroko ta fi alfahari da shi yana kan tafiya da Faransa. Suka je Niyu Zilan, ƙasar da ta fi kowa iya wasan, suka doke ta sau biyu a jere: 22 da 8 a Christchurch, sa'an nan 23 da 20 a filin Eden Park na Okland ran 3 ga watan Yuli. Wasa na biyun a mintocin ƙarshe aka ci shi, da wata direwa da aka faro tun daga bakin gidan Faransa, ƙwallo ta bi hannu bayan hannu, har da na Benazzi, kafin Jean-Luc Sadourny ya dire ta. Aka shafe fiye da shekara 30 ba a sake cin Niyu Zilan a wannan fili ba. Maroko kuwa ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya wannan rashi, domin ƙwaya ɗaya ba ta cika rumbu. Sai dai gaskiya ce ƙasar da ta rene shi ba ta da filin da ya isa jikinsa, wadda ke da filin kuwa ba ita ta sha wahalar renonsa ba.

Ruwan Durban

Duk wanda ya san sunan Benazzi, ta ranar 17 ga watan Yuni na 1995 ya fi saninsa. Afirka ta Kudu ce mai masaukin gasar cin kofin duniya, shekara ɗaya bayan zaɓen da ya ɗora Nelson Mandela kan mulki. Ƙungiyarta, Springboks, ta daɗe tana zaman tutar fararen fata da mulkin wariya, baƙaƙen ƙasar da yawa sun saba goyon bayan duk wanda ya zo karawa da ita. Mandela ya ɗauki aniyar mai da wannan ƙungiya ta kowa da kowa, yana kuwa bukatar ta yi nasara.

Faransa ce ta tare mata hanya a wasan kusa da na ƙarshe, a birnin Durban. Ranar aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, filin Kings Park ya koma tabki. Aka jinkirta farawa fiye da awa ɗaya, duniya na kallon wasu mata baƙar fata riƙe da tsintsiya suna korar ruwa daga fili. Ba don son tsabta ake wannan gaggawa ba. Bisa dokar gasar, in wasa bai yiwu ba, ƙungiyar da ta fi ladabi a wasannin baya ita ce za ta wuce, kuma an riga an kori ɗan wasan Afirka ta Kudu ɗaya a karawarsu da Kanada. Da alƙali Derek Bevan, mutumin Wels, ya ce ba za a buga ba, da Faransa ta wuce ba tare da ta jiƙa riga ba.

Aka buga cikin taɓo. Ruben Kruger ya dire wa ƴan gida, Joel Stransky ya ƙara da bugu, Thierry Lacroix kuma ya ci wa Faransa bugun laifi biyar. Ana saura ƴan mintoci, maki na 19 da 15. Direwa ɗaya ta ishi Faransa. Sai aka ɗaga ƙwallo sama wajen layin Afirka ta Kudu, ƴan bayanta suka kasa cafewa, ta faɗo hannun Benazzi yana tafe a guje. Ya sunkuya ya yi tsalle, amma madugunsa Philippe Saint-André yana kwance a gabansa, ya yi tuntuɓe da shi, ya zame cikin ruwa, ƙartai suka rufto a kansa. Layin farar ƙasa ruwa ya riga ya cinye rabinsa. Bevan ya duba, ya ce ƙwallo ba ta kai ba, saura ƴan santimetir. A zamanin babu alƙali na biyu mai duba hoton telebijin. Aka yi turereniya a bakin layin sau da sau, ƴan gida suka dage, aka tashi.

Faransawa ba su haɗiye wannan hukunci ba. Suna da ƙorafi kan wasu direwa biyu da aka hana su a wasan, akwai kuma masu shakkar ta Kruger. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne, a liyafar rufe gasa shugaban hukumar rugbi ta Afirka ta Kudu, Louis Luyt, ya kira Bevan gaban jama'a domin ya ba shi agogon zinariya. Babu wanda ya kawo shaidar cewa alƙalin ya yi son kai da gangan, amma kyautar ba ta yi kyawun gani ba.

A nan halin Benazzi ya bayyana. Shi ne ya fi kowa sanin inda ƙwallo ta tsaya, da ya so, da ya mai da wannan rana kukan rayuwarsa. Bai yi ba. A ranar ya karɓi hukuncin alƙali, kamar yadda tarbiyyar wasan ta tanada. Daga baya ya nuna cewa a ransa yana ganin ya kai, amma da ya ga Mandela ran 24 ga wata a filin Ellis Park, sanye da koriyar rigar Springboks mai lamba 6, yana miƙa kofi ga Francois Pienaar bayan sun ci Niyu Zilan 15 da 12, sai ya gane abin da ke faruwa a ƙasar ya fi wasa girma. Ana iya cewa wanda aka kayar ba ya rasa abin lallashin zuciyarsa. Amma abin lura ne cewa mutumin da ya kusa rushe wa Mandela shiri ɗan Afirka ne sanye da rigar Turai, kuma shi ne ya fi abokan wasansa saurin fahimtar abin da rashin nasu ya haifar. Faransa ta ƙare ta uku, bayan ta ci Ingila 19 da 9 a Pretoriya.

Madugu

Raunin da Saint-André ya ji ne ya sa aka ba Benazzi ragama a ƙarshen 1996. Wasanninsa biyu na farko, da Afirka ta Kudu, duk an cinye su, na biyun da maki ɗaya, 13 da 12. Sai gasar Ƙasashe Biyar ta 1997, wadda ke haɗa Faransa, Ingila, Irlan, Sikotlan da Wels. Suka ci Irlan a Dublin 32 da 15, suka ci Wels a Paris 27 da 22. A filin Twickenham na Landan, Ingila ta yi gaba da 20 da 6, har ƴan kallo sun fara murna, Faransa ta farfaɗo ta ci 23 da 20. Ran 15 ga watan Maris, a filin Parc des Princes, suka lallasa Sikotlan 47 da 20, madugun da kansa na cikin waɗanda suka dire. Cin wasa huɗu duka ba tare da faɗuwa ko kunnen doki ba shi ne babban abin alfaharin gasar. Faransa ta taɓa yin sa a 1968, 1977, 1981 da 1987, amma wannan ne karo na farko da ta kammala shi a gida, gaban jama'arta. Makonni uku kafin nan, dubban mutane sun yi maci a titunan Paris suna adawa da sabuwar dokar tsananta wa baƙi ta minista Jean-Louis Debré. Shekara ɗaya da ƴan watanni suka rage kafin Zinedine Zidane ya ci wa Faransa kofin duniya na tamola, a cika gari da zancen ƙasa mai launi uku. Rugbi ya riga tamola, sai dai bai yi ta da ganga ba.

Gwamnati ta lura. Aka sa shi cikin majalisar ƙoli mai ba da shawara kan zaman baƙi cikin al'umma, aka kuma ba shi lambar girma ta ƙasa. Irin wannan karramawa tana da kaifi biyu, domin sau da yawa akan ɗaga mutum ɗaya sama a nuna shi, a ce ga shaida ƙofa a buɗe take, alhali dubbai na tsaye a waje.

Mummunan ciwon gwiwa ya hana shi wasa kusan duk shekara ta 1998, ragama ta koma hannun Raphaël Ibañez. Ya dawo a gasar cin kofin duniya ta 1999, ta uku gare shi bayan ta 1991 da ta 1995. Ran 31 ga watan Oktoba, a Twickenham, Niyu Zilan mai Jonah Lomu ta yi gaba da 24 da 10, sai Faransa ta zuba maki 33 a jere, ta ci 43 da 31. Kwana shida bayan haka ƙarfi ya ƙare, Ostiraliya ta ɗauki kofin a Kadif da 35 da 12. A 2001 ya buga wa Faransa wasansa na ƙarshe, ya bar Agen ya koma ƙungiyar Saracens ta Landan. Mai horar da ita a lokacin ba kowa ba ne illa Francois Pienaar, madugun da ya tsaya gabansa cikin ruwan Durban. A 2003 ya aje wasa.

Ƙuri'a biyu

Bai yanke da gida ba. Ya kafa wata ƙungiyar taimako mai suna Noor, wadda ke kai wa yaran yankin Ujda wasa da kayan karatu. Ya yi harkokin kasuwanci, ya yi ɗan zama a shugabancin ƙungiyar Montpellier, daga bisani ya zama mataimakin shugaban hukumar rugbi ta Faransa, Florian Grill, mai kula da hulɗa da ƙasashen waje.

Daga wannan kujera ya nemi shugabancin hukumar rugbi ta duniya a 2024, lokacin da Bill Beaumont na Ingila zai sauka. Abin da ya tsaya a kai shi ne wasan ya daɗe a hannun ƙasashe ƙalilan. A majalisar hukumar, manyan ƙasashe kowacce ƙuri'a uku gare ta, alhali ƙungiyar nahiyar Afirka, mai ƙasashe fiye da talatin, biyu take da su. Ya ce in ba a kai kuɗi da manyan wasanni ga ƙasashe masu tasowa ba, wasan zai tsufa a inda aka haife shi. Ba a littafi ya karanta wannan ba, hanyar da ya bi ce tun daga Ujda. Faransa ce ta tsayar da shi, ƙasar da ta mara masa baya a takarda kuwa Afirka ta Kudu ce.

An yi zaɓen ran 14 ga watan Nuwamba na 2024 a Dublin, mutum uku na takara. A zagayen farko Andrea Rinaldo na Italiya ya fita da ƙuri'a 9, Benazzi na da 21, Brett Robinson na Ostiraliya na da 22. A zagaye na biyu Robinson ya samu 27, Benazzi 25.